Askar Farko da Kuɗin Asusu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanzami ne ɗan wanzami, kuma yana da wata ƙa'ida da duk yaron da ya zauna a gabansa ya san da ita. Zai koya maka sana'a kyauta, zai ba ka abinci, in ka yi ba daidai ba ya murɗe maka kunne, amma ba zai ba ka aska ba. Askarka ta farko da kuɗinka za ka saya. Ba rowa ce ta sa ba, don zabirarsa cike take da asake, wasu ma tun na kakanmu. Shi dai cewa yake yi yaron da aka ba aska kyauta ba ya goge mata ruwa.

Na shiga hannunsa a 1979, shekarar da na gama firamare, gari ya ɗauki zafin zaɓen da ya kawo Shehu Shagari. Mahaifina ya ga zaman jiran sakamakon jarrabawa zai mai da ni ɗan gararamba, sai ya ce in riƙa bin Kawu. Aikina shi ne ɗaukar zabira, ɗebo ruwa a 'yar tasa, wanke ƙaho, da share suma in an gama. Da sassafe muke fita mu bi gidajen da yake yi wa aiki a cikin birnin Kano, don a wancan lokacin kowane wanzami da gidajensa na gado: shi ne na askin suna, shi ne na kaciya, shi ake aika wa in maigida ya ji jikinsa ya yi nauyi yana son ƙaho. Ranar Juma'a kuwa tun hantsi dattawa ke jeruwa a zaure, kowa na son gyaran fuska kafin masallaci. A nan na fara ƙyasa aska. Ina tsugune ina kallon yadda take bin kan mutum, suma na zubowa a dunƙule, wanda ake wa askin kuma har gyangyaɗi yake yi.

Dukiyata duka tana cikin asusun yumɓu: barka da Sallah, da ɗan abin da ake miƙo wa yaron wanzami a gidan suna, da canjin aike da aka ce in riƙe. Ranar da na fasa shi na kai wa Kawu kuɗin a ƙulle cikin hula. Naira ta shigo tun 1973, amma shi har lokacin da sule da fam yake lissafi, sule kwabo goma, fam naira biyu. Ya zube su a tabarma ya ƙirga, sannan ya kasa su kashi uku. Ya nuna na farko ya ce na aska ne. Na biyu, wanda bai gaza na farko ba, ya ce na dutsen washi. Na uku, ɗan ƙarami, na fata da kube da sabulu.

Na ce, "Kawu, ai da an haɗa su duka an sayi babba."

Ya ce, "Babbar aska ba dutse, kwana nawa za ta yi maka? Tashi mu je."

Da ƙafa muka tafi Kasuwar Kurmi, wadda tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, take ci. Ba kai tsaye ya kai ni inda za mu saya ba. Sai da ya zaga da ni na ga duk irin askar da kuɗi ke iya saye, don in san abin da na ɗauka da abin da na bari.

Wajen 'yan koli muka fara tsayawa. A tsakanin madubai da kwalli da allurai akwai asake masu naɗewa, kowace cikin ɗan kwalinta, ƙotar roba fara sol, ƙarfen yana ɗaukar ido. Kuɗinsu bai wuce kashina na farko ba, sai zuciyata ta kwanta a kansu. Mai kayan ya miƙo ɗaya yana cewa, "Sarkin Aska, ga 'yar Jamus, sabuwa dal."

Kawu ya buɗe ta ya ce, "Jamus ta wace unguwa?"

Aka yi dariya. Sai ya ɗauki madubi ɗaya daga cikin na sayarwa ya kwantar da askar a kansa, gadon bayanta da bakinta duka suna taɓa gilashin, ya danna kanta da ɗan yatsa. Ta ɗaga. Ya danna gindinta, ta sake ɗagawa. Ya juya ta, wannan gefen kuma sai ka ga haske yana wucewa ta ƙarƙashin tsakiyarta. Ya ce mini, "Ka gani? A karkace take. Ko shekara ka yi kana wasa ta, tsakiya ba za ta taɓa dutse ba." Ya ƙara da cewa irin wannan ƙarfen laushi gare shi, yana saurin yin kaifi yana saurin sakewa, kafin ka kai rabin kai ya fara jan gashi. Ya mayar da ita cikin kwali, ya yi wa mai kayan fatan ciniki, muka wuce.

Kawu ya san 'yar Jamus ta gaske, don yana da guda ɗaya, wadda ba ya fito da ita sai ga ango ko wani babban mutum. A jikinta an rubuta Solingen, garin da ya yi suna a ƙirar wuƙaƙe da almakasai da asake, har gwamnatin ƙasar ta kafa doka a 1938 cewa ba a buga sunan garin sai a kan abin da aka ƙera a can. Dokar ba ta hana masu kwaikwayo a wasu ƙasashe bugawa ba, shi ya sa rubutu bai taɓa ruɗin Kawu ba. Sabuwar irinta a kanti ta ninka asusuna sau da yawa, saboda haka ko tsayawa taya ta ba mu yi ba.

Daga nan sai wajen 'yan gwanjo, inda tsofaffin kwaɗuna da mabuɗai da agogunan da suka mutu ke zube a kan buhu. A cikinsu akwai tsofaffin asake na Turawa, yawanci na Sheffield ta Ingila, wadda ita ma garin ƙarfe ce. Daga baya na fahimci dalilin yawansu. Tun da Ba'amurken nan King Gillette ya sami rajistar rezarsa mai sauya baki a 1904, sannan aka raba wa sojojin Amurka miliyoyinta a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Turawa suka yi ta barin doguwar aska. Abin da suka bari ya watsu a duniya, kuma mai ƙaramin ƙarfi da ya san abin da yake nema yakan tsinci ƙarfe mai kyau a farashin bola.

A nan Kawu ya tsuguna ya daɗe. Ya koya mini duba tsohuwar aska a ɗan wannan zaman fiye da yadda zan iya rubutawa. Tsatsar da ke kan fuskar ƙarfe ba komai ba ce, toka da tsumma za su fid da ita. Wadda ta ci bakin aska har ta yi ƙananan ramuka ita ce matsala, don duk inda ka wasa ka kai, giɓi za ka tarar. Tsaga komai ƙanƙantarta, ajiye. In gadon bayan ya side ya yi faɗi, an wasa ta har ta tsufa. In tsakiyar bakin ta loɓa ciki, wani marar hannu ya riga ka ɓata ta. Karyayyar ƙota kuwa ba aibi ba ce, riba ce ma, tunda tana karya farashi kuma kowane masassaƙi zai yi maka wata.

Ya sami guda ɗaya da ta tsallake duk waɗannan. Ƙotarta ta ƙaho ce, ta tsage, amma ƙarfen lafiya lau. Ya ƙyasta bakinta da farce ta yi wata 'yar ƙara siririya. An rarake gefunanta biyu har bakin ya yi fyaɗi, in ka danna shi a kan farce sai ka ga ya ɗan lanƙwasa ya dawo. Kuɗin da aka faɗa, da an taɓa na dutse kaɗan, da ya isa. Na zuba masa ido. Ya juya ta, ya sake juyawa, sannan ya ajiye.

Ya ce, "Wannan aska ce ta ƙwarai. Shi ya sa ba taka ba ce bana. Bakin nan ba ya yafe wa hannun koyo, in ka danne shi a dutse sau ɗaya ya tafi. Kai abin da za ka ɓata ba ka yi kuka ba kake bukata."

Rumfar maƙerin da yake yi wa Kawu aiki ba ta da nisa da kasuwa. Yaronsa na zaune yana zuga, gawayin ƙirya ya yi ja, shi kuma yana bakin uwar maƙera da masaba a hannu. Suka gaisa, Kawu yana ce masa Sarkin Ƙira shi yana mayar masa da Sarkin Aska, aka tambayi iyali da kasuwa, sannan Kawu ya ce ya kawo ɗansa ne a zaɓa masa ta koyo. Kakannin maƙerin daga tama suke narko ƙarfensu, amma tun bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen waje da tarkacen injuna suka yawaita, narka tama ta yi ta ja da baya. Shi tsohon magagari da sifirin mota yake nema, kuma ya ce magagarin da haƙoransa suka cinye ya fi komai yin aska, domin dama an yi shi ne ya ci wani ƙarfen.

Ya kwance wani tsumma ya baje asake a gabanmu. Ba ruwansu da ado. Kowace ƙarfe ɗaya ce tun daga baki har wutsiya, baƙa, da sawun masaba a jikinta, bakin kaɗai ke haske. Ban ce komai ba, amma maƙerin ya karanci fuskata, ya yi dariya ya ce, "Samari, araha ba ta ado, amma tana aski."

Kawu ya karɓi ɗan magagari daga hannunsa ya riƙa goga shi a kusa da bakin kowace. Wadda magagarin ya kama ya ci, ya ture ta gefe: ba ta sha wuta da ruwa yadda ya kamata ba, ta yi laushi. Wadda magagarin ya zame a kanta bai bar komai ba, ya ajiye a dama. Maƙerin ya yi mini bayani cewa bayan an gama bugu ana mayar da ita wuta ta yi ja, a tsoma ta cikin ruwa ko mai farat ɗaya, ta yi tauri. Sannan a ɗan sake gasa ta kaɗan, har launin ƙarfen ya fara komawa ruwan kara, don kada taurin ya yi yawa ta riƙa ɓantarewa. Gwanintar duka tana cikin wannan gashi na biyu, kuma da ido ake gane shi.

Cikin waɗanda suka rage Kawu bai ɗauki mafi tsawo ba, bai ɗauki mafi faɗi ba. Ya ce doguwa tana yanka inda idonka bai kai ba, mai faɗi kuma ba ta shiga ƙarƙashin hanci da bayan kunne. Ya zaɓi matsakaiciya ya sa mini a hannu, ya ce in riƙe in ji ko tana rinjaya ta. Sannan ya ce da maƙerin ya kashe mata tsini. Nan take aka goga kanta a dutse har ya zama da'ira. Kusan duk yankan da ɗan koyo ke yi, in ji Kawu, tsini ne ke yinsa, ba tsakiyar baki ba: kana kallon kunci, shi yana can ya soki kunne. Aka yi ciniki, maƙerin ya rage mini wani abu ya ce na albarkar fara sana'a ne.

Zaɓen dutse ya fi zaɓen askar cin lokaci. Duwatsun kanti masu kaushi Kawu ya ce na mahauta ne, suna cin ƙarfe da sauri su bar baki da zarto-zarto. Ya nemi na ƙasa mai laushi, ya tofa masa ruwa ya shafa da yatsa, ya kanga shi a ido ya ga ko shimfiɗaɗɗe ne. Wanda muka saya bai fi tafin hannu ba. A wajen dukawa aka yanko mini zirin fatar saniya, aka ɗinka wa askar kube. Na koma gida ba ko kwabo a aljihuna, amma ba abin da sana'ar ke bukata da ban da shi.

Daga nan ne na gane abin da ya sa aka kasa kuɗin haka. Kawu ya fara wasa askar da kansa a gabana har ta aske gashin dantsensa ba tare da ta taɓa fata sosai ba. Ya ba ni na gwada a nawa, ya ce in riƙe wannan a raina, shi ne kaifi. Sai ya karɓa ya ja bakin a gefen tasa sau ɗaya, ta dakushe, ya miƙo mini ya ce, "Mayar da ita yadda take." Kullum bayan la'asar aikin ke nan. A jiƙa dutse, a kwantar da aska, a tura ta baki a gaba ba tare da dannawa ba, a juya a dawo, kowane gefe ya sami rabonsa daidai. A kan fata kuma akasin haka, baya ne ke gaba, baki na bi, in ba haka ba ka yanke fatar. In na kawo masa ya gwada a dantse, in ta yi ya gyaɗa kai ya sake jan ta a tasa. Da 'yar Sheffield ce, da ba wanda zai yarda a yi mata wannan wulaƙanci, kuma da ban iya washi ba.

Aski kansa daga baya ya zo. Na fara da ƙaurina, sannan kawunan ƙannena da almajiran makarantar allon unguwarmu, waɗanda malaminsu ke turo su Kawu yana tsaye a kaina. A jiƙa gashi da ruwa da sabulu a ba shi lokaci ya sha, don busasshen gashi ke kashe baki. A ja fata da yatsun hagu ta miƙe. A kwantar da aska kusa da fata, kada a tsayar da ita, a bi inda gashi ya kwanta da gajeren ja. Kada a taɓa jan ta a gicciye ta tsawon bakinta, wannan yanka ne. In an gama a wanke ta, a goge ta ƙarƙaf, da damina a shafa mata ɗigon man gyaɗa kafin a mayar kube, don irin wannan ƙarfe dare ɗaya ya ishe shi yin tsatsa. Kafin sakamakon jarrabawa ya fito, Kawu ya fara bar mini ƙeyar wasu daga cikin dattawan Juma'a, shi ya ƙarasa gaban goshi da gemu.

Da askar nan na tafi makarantar kwana, inda ta samar mini kuɗin sabulu da ƙuli-ƙuli daga kawunan 'yan ajinmu. Washi ya yi ta cin ta har ta koma siririya, ta sauka daga aski ta koma yankan farce. Lokacin da na tara kuɗin tsohuwar askar Turawa, ni kaɗai na je gwanjo, kuma mai kayan bai iya sayar mini da rubutu ba.

Sana'ar kanta ta sauya a gaban idonmu. Bayan an tabbatar da ɓullar cutar ƙanjamau a Nijeriya a 1986, rediyo ya shiga jan kunnen mutane a kan aska ɗaya kai goma, likitoci kuma suka ƙara da ciwon hanta da ake ɗauka ta jini. Gargaɗin gaskiya ne, Kawu ma bai yi gardama ba. Manyan abokan cinikinsa kowa ya sayi tasa aka ajiye masa, saura kuma aka koma ɓalla reza biyu a sa sabon rabi ga kowane kai. Shagunan kilifa suka cika gari, samari suka koma can. Ni ma aikin gwamnati ya ɗauke ni, yau fuskata kaɗai nake yi wa aski da doguwar aska.

Abin mamaki, yanzu samari sun fara waiwayarta. Suna ganin ta a waya, a hannun masu gyaran gemu na ƙasashen waje, sai su zo suna tambaya wacce za su saya. Sababbi na Dovo daga Solingen ko na Thiers-Issard daga Faransa suna nan, amma da kuɗin Turai ake sayensu, kuma ba zan ce wa mai neman na abinci ya fara da su ba. Wanda zai yi wa jama'a aski, ya sayi mai sauya reza, ita ce mafi araha kuma ita ce ke rage ɗaukar cuta daga wani zuwa wani, muddin ana sauya reza ga kowane kai. Wanda kuma fuskarsa kaɗai zai aske, abin da aka yi mini a Kurmi bai tsufa ba: miƙaƙƙen ƙarfe mai tauri, matsakaicin faɗi, kai marar tsini, sabuwa ce ko tsohuwa, ta maƙera ce ko ta waje, sannan rabin kuɗin ya tafi ga dutse da fata. Yawancin masu arahar da ake kawowa ba sa zuwa da kaifin aski, ko da an rubuta haka a kwali, kuma wanda bai taɓa jin aska mai kaifi a fatarsa ba zai ɗauka hannunsa ne bai iya ba, ya jefar da ita.

Saboda haka nakan ce musu kafin su biya ko sisi, su fara neman tsohon wanzamin unguwarsu. Har yanzu ana samunsu a bakin kasuwa da gindin bishiyar ƙofar masallaci, ko da yake kowace shekara raguwa suke yi. A kai masa askar ya duba, a biya shi ya wasa ta, a zauna a kalli hannunsa yana yi. In ya juya ta ya ce ba za ta yi ba, a mayar wa mai ita tun kuɗin bai bi ruwa ba.